Yadda Ake Gyara Hanyoyin Ruwan Sanyaya Mol a Injin Zuba Roba

Cusa narkakkiyar roba cikin mol, wato ƙarfen da ke ba kaya siffarsu, ba ya cin lokaci, daƙiƙa biyu ko uku an gama. Abin da ke cinye zagayen aiki shi ne jira: mol a rufe, ana sauraron roba ta huce ta sandare yadda za a turo ta ba tare da ta lotsa ko ta karkace ba. A yawancin kaya wannan jiran ya haura rabin zagaye, wani lokaci ma kashi biyu cikin uku. Ana ta jira, janareta kuwa yana ta shan dizal.

A nan Sakkwato, da zarar bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga bokiti yana fitowa gindi a lotse, baki a karkace. Abin da aka saba yi biyu ne: a ƙara lokacin sanyaya a allon injin, ko a murɗa cila, wato injin sanyaya ruwan mol, ƙasa. In duka sun ƙi, sai a ce wa maigida ya sayo babbar cila daga Kano. Ni ba na yarda a fara daga nan. Galibin mol ɗin da na buɗe ba sanyin ruwa ne ya gaza musu ba. Ruwan ne ba ya gudu yadda ya kamata, ko kuma yana gudu inda ba a bukatarsa, ya bar inda zafi ya taru. Don haka ka bi matakan nan a jere, daga mai araha zuwa mai tsada, kada ka ɗora dirila kan ƙarfe sai ka gama da tiyo. Misalina zai zama mol ɗin bokiti na robar PP (folifirofilin), amma haka abin yake ga baho, kujera, kwando da murfin jarka.

Kayan aiki

- Bokitin fenti mai lita 20, ka yi masa alama a lita 5 da lita 10, da agogon ƙirga daƙiƙu na wayarka.
- Ma'aunin zafi iri biyu: mai tsinke da ake taɓawa, da na nesa mai siffar bindiga. Wanda aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona ba zai yi ba, iyakarsa zafin jikin mutum. Nemi na masana'anta, mai kaiwa digiri 300.
- Gejin matsin ruwa guda biyu, masu kaiwa bar 10 (bar ma'aunin matsi ne).
- Tiyo, kilif, nipul, farin tef na masu aikin famfo, da sababbin zobban roba.
- Sifana, alanki, baniya, da siririn burushin waya. In babu burushin, tsohuwar wayar kulocin babur da aka barbaza bakinta tana aikin.
- Kwamfiresa.
- Garin sitirik asid, wanda masu haɗa lemo ke saya, da garin soda na masu burodi, da ƙaramin famfon tura ruwa, da duron roba.
- Safar hannu ta roba, tabarau, maka ja da shuɗiya, littafi da biro.
- Zanen mol ɗin, in ya zo da shi. Yawancin na hannu ba sa zuwa da shi, za mu zana namu.

Kafin hannunka ya shiga tsakanin farantan injin, kashe mota, sauke babban makunni, ka sa masa kwaɗo makullin yana aljihunka. Ƙofar kariya kaɗai ba ta isa ba, balle a injin da aka taɓa yi wa dabara a makunnin ƙofa. Ka kuma rufe wayoyin hita da leda, domin aikin nan ruwa yake zubarwa.

Mataki na 1: Rubuta halin da ake ciki

Bar injin ya yi aiki aƙalla rabin awa ba tsayawa, zafin mol ya daidaita. Sannan ka rubuta tsawon zagaye, lokacin sanyaya, nauyin kaya, da zafin ruwa a shiga da fita.

Da bokiti ya faɗo, cikin daƙiƙa biyar, auna shi da bindiga a wuri biyar: tsakiyar gindi inda roba ke shiga, kusurwar gindi, tsakiyar jiki, baki, da kunnuwan da ake saƙala mariƙi. Auna ciki da waje. Maimaita a kan bokiti biyar, a wurare guda kuma a jere guda. Abin da kake nema shi ne bambanci. Idan wuri ɗaya ya ɗara sauran da digiri 10 ko fiye, shi ne ke riƙe da zagayen duka, domin ba a buɗe mol sai wurin da ya fi zafi ya sandare.

Kada ka nuna bindiga kan fuskar mol mai ƙyalli, ƙarya za ta yi maka. Ƙarfen mol da mai tsinke ake auna shi.

Karkatar kaya ma shaida ce. Roba tana lanƙwasawa zuwa gefen da ya fi zafi, saboda can ta fi tsukewa. In ka ga bangon akwati ya shige ciki, ɓangaren namiji, wato rabin mol da ke shiga cikin kaya, shi ne ya fi na mace, rabin da ke rufe kaya ta waje, zafi, kuma kusan kullum haka ne, tun da roba tana rungume namiji tana janye jiki daga mace yayin da take hucewa.

Mataki na 2: Zana taswirar ruwa

Cire tiyo duka. Hura iska a nipul ɗaya, ka ji inda ta fita. Wannan layi ɗaya ke nan. Ba shi lamba, rubuta a jikin mol da maka, shuɗi ga shiga, ja ga fita. Ci gaba har nipul ya ƙare, sannan ka zana a littafi wane layi ke bin gindi, wane ke bin baki, wane ke shiga cikin namiji. Inda ka hura iska ba ta fita ko'ina ba, ka zagaye shi: ko ya toshe, ko an haɗa shi ba daidai ba tun farko. Na sha tarar da tiyo biyu na shiga an ɗaura su a bakuna biyu na layi guda, ruwa yana tunkarar ruwa, ba abin da ke motsi, daga waje kuma komai tsaf.

Mataki na 3: Auna gudun ruwa layi-layi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ruwan da ke tafiya a hankali cikin rami yana tafiya ne salin-alin: na jikin bango ya yi zafi ya lafe a nan, na tsakiya ya wuce da sanyinsa bai ɗauki komai ba. Sai gudu ya kai wani matsayi ruwan ke hautsinewa, na tsakiya ya riƙa dukan bango yana kwasar zafi. Injiniyoyi suna auna wannan da lambar Reynolds: hautsinewa tana tabbata daga wajen 4,000, abin so kuma a kai 10,000. Ba sai ka yi lissafin ba. Ga ruwa zalla mai zafin digiri 25, riƙe wannan: rabin lita a minti ga kowace milimita ta faɗin rami. Rami mai milimita 8 yana son lita 4 a minti, mai 10 lita 5, mai 12 lita 6. In ruwan cila ne mai sanyi sosai, ko an zuba masa maganin hana daskarewa, ya fi kauri, sai ka ƙara.

Mayar da tiyo, kunna famfo da sauran layuka duka a buɗe, cire tiyon fita na layi na ɗaya ka saka a bokitin fenti, ka ƙirga minti ɗaya. Rubuta. Haka har ƙarshe. Ka sani cewa gwajin bokiti yana yi wa layi alfarma, domin ruwa na zuba a sarari babu matsin bututun komawa. Layin da ya faɗi a nan, a bakin aiki ya fi haka lalacewa.

Sai kuma bambancin zafi tsakanin shiga da fita a kowane layi, injin yana aiki. Digiri 2 zuwa 3 shi ne daidai. In ya wuce 5, layin ya yi tsawo ko ruwan ya yi kaɗan. Idan kuwa babu bambanci ko kaɗan alhali wurin da layin ke bi yana da zafi, kada ka yi murna: ɓawo ne ya rufe bangon ramin, ruwa yana wucewa bai taɓa zafin ba.

Mataki na 4: Ɗan lissafin zafi

Don ka san ko famfo da cila sun isa. Kowane kilo na PP yana shigowa da zafin da za a kwashe kimanin kilojul 500 zuwa 600, ɗauki 550. A sauran nau'o'in roba, HDPE ya fi haka, ABS da PS ba su kai ba. A ce bokiti giram 400 ne, zagaye daƙiƙa 30. Bokiti 120 ke nan a awa, kilo 48. Ninka da 550, ka sami kilojul 26,400 a awa, wato kilowat 7.3. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar kilojul 4.18 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, saboda haka in kana son bambancin digiri 3, mol ɗin gaba ɗaya yana bukatar kimanin lita 35 a minti. Tara abin da ka samu a mataki na uku ka gwada da wannan.

Tan ɗaya na cila kilowat 3.5 ne, to wannan mol yana son tan biyu da ɗoriya. Ƙara masa rara, domin cila mai fanka ba ta ba da abin da aka rubuta a jikinta in iskar da take shaƙa ta haura digiri 40.

Mataki na 5: Wanke ramuka

Ƙasar nan tana da dutsen farar ƙasa, shi ya sa kamfanin siminti ya zauna a Kalambaina. Ruwan burtsatsen da ya ratsa irin wannan dutse yana ɗauke da gishirin da ke kama bangon rami ya zama farin ɓawo, ga kuma tsatsa da laka. Ɓawon yana cuta ta hanya biyu: yana tsuke rami, yana kuma tare zafi. Kaurin milimita ɗaya nasa yana hana zafi wucewa fiye da santimita guda na ƙarfe.

Sauke mol. Kwance matosan da ke ƙarshen ramuka, ka zura burushi ko wayar kuloci a dirilar hannu, ka kankare abin da zai kankaru, ka hure. Asid ba ya buɗe ramin da ya toshe ɗungum, sai ya sami hanyar wucewa ko da siririya ce.

Mayar da matosai. A duro, narka kilo ɗaya na sitirik asid cikin lita 20 na ruwa mai ɗumi. Sa safa da tabarau. Haɗa ƙaramin famfo ya tura cikin layi ya dawo duron, ka bar murfin duron a buɗe saboda iskar da ke tashi. Kumfa alama ce yana cin ɓawo. Bayan awa ɗaya juya tiyo, ruwan ya bi ta baya. In kumfa ta tsaya ruwa ya yi duhu, zubar ka haɗa sabo. In ka haɗa sabo bai yi kumfa ba, an gama. Awa biyu zuwa huɗu sukan isa. Ɗauraye da ruwa mai yawa, zagaya da ruwan da aka narka cikin tafin hannu na soda don kashe ragowar asid, sake ɗaurayewa, ka hure da iska har ya bushe.

Kada ka kwana da asid a cikin mol. Kada kuma wani ya ruɗe ka da ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil don sun fi sauri. Suna cin ƙarfe da zaren matosai, ranar da suka huda zuwa fuskar mol kuwa an yi asarar da ta fi kuɗin cila. Idan mol ɗin na alminiyam ne, rage ƙarfin haɗin da tsawon lokacin, sodar ma kada ta jima a ciki. Duk zoben robar da ka cire, sa sabo.

Yanzu maimaita gwajin bokiti ka gwada da lambobin farko.

Mataki na 6: Sake tsarin tiyo

An taɓa kira na duba wani mol na baho a wata ƙaramar masana'anta a bayan gari. Yaron da ke kan injin ya riƙo tiyon fita ya ce, "Maigida, ruwa na tahiya hwa, taɓa ka ji." Gaskiya ne yana tafiya. Sai dai tiyo guda ne ya shiga, aka yi ta lanƙwasa gajerun tiyo daga wannan layi zuwa wancan har ruwan ya zagaye mace da namiji duka kafin ya fita. A shiga da sanyinsa, a fita ɗumi kamar na wanka, kuma namiji, wanda ya fi kowa bukata, shi ne na ƙarshe a layi. Ba mu taɓa ƙarfe ba ranar. Tiyo kawai muka raba.

Ga yadda ake yi. Samo manifol biyu, wato babban bututu mai bakuna da yawa da ke raba ruwa ga layuka, na shiga da na fita, kowane baki da bawul ɗinsa. In babu na saye, mai walda zai yi maka da bututun inci ɗaya da rabi ko biyu. Sararin cikin bakin manifol ya zama ya kai jimillar sararin cikin ramukan da yake ciyarwa, in ba haka ba na nesa za su yi ƙishi. Namiji da layukansa, mace da nata. Gindi, inda roba ke shiga da zafinta, a ba shi layi nasa shi kaɗai, ruwa mafi sanyi ya fara isa can.

Amma a nan akwai tarko. Idan ka raba layuka da yawa famfonka kuma ƙarami ne, ruwa zai bi gajerun layuka masu sauƙi ya ƙyale dogaye masu lanƙwasa, kowane layi ya faɗi ƙasa da rabin litar nan. To sai ka haɗa gajeru biyu ko uku masu kama da juna a jere, muddin bambancin zafinsu bai wuce digiri 3 ba, ka ɗan matse bawul ɗin masu sauƙi don a tura ruwa ga masu wuya. Bawul na gefen fita ake matsewa, ramin ya zauna cike da ruwa. Duk canjin da ka yi, koma ga bokiti.

Duba ƙananan abubuwa. Nipul mai ramin milimita 6 a bakin rami mai 10 ya mayar da layin duka mai 6. Tiyon da ke lanƙwashewa idan mol ya buɗe yana yanke ruwa a kowane zagaye, saboda haka ka tsaya ka kalle shi mol yana motsi. Tef ɗin da aka naɗa ya zarce bakin zare yana yagewa ya toshe siraran hanyoyi. Ɗaura geji a manifol biyun: bambancin bar 2 zuwa 3 yana wadatar da yawancin mol. In gejin fita yana nuna matsi mai yawa, bututun komawa ne ya yi ƙanƙanta, babban famfo ba zai magance shi ba.

Wani abu da ya shafi wutarmu: duk lokacin da aka taɓa wayoyin janareta ko na canjin layi, duba kibiyar da ke jikin famfo. Famfo mai layin wuta uku in aka juya masa waya biyu baya zai riƙa juyawa, kuma zai ci gaba da ba da ruwa, kaɗan dai, yadda ba mai lura. Janaretan da gudunsa ya faɗi ma yana rage gudun famfo.

Mataki na 7: Daidaita ruwan da yanayin gari

PP da HDPE suna aiki lafiya da mol mai zafin digiri 20 zuwa 50, saboda haka ruwa mai digiri 25 zuwa 30 da ke gudu sosai ya fi mai digiri 12 da ke rarrafe. Hasumiyar sanyaya ruwa, wato kulin-tawa, tana aiki ne irin na randa: wani ɓangare na ruwan ya tashi a iska ya tafi da zafi. Busasshiyar iskarmu ta hunturu da farkon bazara ta dace da ita ƙwarai. Illarta, ruwa ke tashi gishiri ya zauna, kullum yana ƙara kauri. Ka bar siririn bututu yana zubar da kaɗan a kai a kai, sabo yana maye gurbinsa. Lokacin hunturu kuma ƙura tana mayar da kwandon hasumiya laka: sa matata a bakin famfo, ka wanke ta duk mako, ka hure fikafikan cila, ka yi mata rumfa amma kada ka toshe mata iska.

Idan babu cila babu hasumiya, tanki kaɗai ba ya sanyaya ruwa, ajiye zafi yake yi. Da lissafinmu na baya, tankin lita 5,000 zai ƙaru da fiye da digiri ɗaya kowace awa, kafin la'asar ya tashi daga aiki. Baƙin tankin roba a kan rufi ya fi muni. Lagireton babbar mota da fanka ma ba zai sauke ruwa ƙasa da zafin iska ba, iskar kuwa 42 take a Afrilu. Abin da ke yi shi ne tankin siminti a ƙasa cikin inuwa, a gina ƙaramar hasumiya a kansa: bututu mai ƙananan huji a sama yana yayyafa ruwan da ya dawo kan jerin kwandunan roba, fanka tana hura iska ta cikinsu.

Da damina matsalar takan juye. A Yuli da Agusta iska cike take da laima, in ruwan cila ya yi sanyi da yawa mol zai yi gumi, kaya su fito da tabon ruwa, fuskar mol ta fara tsatsa. Ga gwaji mai sauƙi: zuba ruwa a kofin silba kusa da injin, sa ma'auni mai tsinke, riƙa jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan kana motsawa. Zafin da ka karanta lokacin da bayan kofin ya fara raɓa, ka sa cila digiri 2 ko 3 sama da shi.

Ruwan sanyaya man haidirolik kuma kada ya hau kan cilar mol. Man yana son digiri 40 zuwa 50 ne, ruwan hasumiya ya ishe shi.

Mataki na 8: Taɓa ƙarfe

Sai wurin zafin nan na mataki na farko ya ƙi tafiya bayan duk wannan ake zuwa nan. Ƙa'idojin da masu ƙera mol ke bi: kaya mai kaurin da bai wuce milimita 2 ba, rami mai 8 zuwa 10, kauri 2 zuwa 4, rami 10 zuwa 12, kauri 4 zuwa 6, rami 12 zuwa 14. Daga tsakiyar rami zuwa fuskar mol a bar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin ramin. Tsakanin rami da rami, ninki uku zuwa biyar. In ya matso fuska da yawa, layinsa zai fito a jikin kaya, ƙarfen ma yana iya tsagewa. In ya yi nisa, aikin banza ne. Bar aƙalla milimita 4 ko 5 na ƙarfe tsakanin sabon rami da ramin noti ko na sandunan turo kaya.

Namiji mai zurfi, irin na bokiti ko kofi, rami miƙaƙƙe a gindinsa ba ya kai ruwa can ƙololuwa inda zafi yake. Hanya biyu ake bi. Ta farko bafil: a huda rami daga baya zuwa kusa da ƙololuwa, a zura faifan farin tagulla ya raba shi biyu, ruwa ya hau ta gefe ɗaya ya sauko ta ɗayan. Faifan ya kama bango tsam, ya kuma tsaya a gicciye ga babban layi yadda zai tare ruwa ya tilasta masa hawa. In ya juya ya bi tsawon layin, ruwa zai wuce ta gefensa, ramin ya zama rijiyar ruwan zafi. Yi alama a kan matoshinsa don ka san inda ya fuskanta bayan ka ɗaure. Ta biyu, siririn bututu a tsakiyar ramin: ruwa ya hau ta cikinsa ya zubo ta kewayensa. Faɗin cikin bututun ya zama kusan kashi 7 cikin 10 na faɗin ramin, don hanyar hawa da ta sauka su yi daidai. A duka biyun ka bar sarari a ƙololuwa kimanin faɗin hanyar ruwan, kada ka dunƙule su da ƙarshen rami.

Inda wuri ya yi siriri ruwa ba zai shiga ba, ana dasa tagulla ta jawo zafin zuwa inda ruwa yake. Ƙarfen mol irin P20 yana wuce da zafi kimanin 30 a ma'auninsu, tagullar beriliyam kuwa sama da 100. Shi ya sa mol ɗin bokiti mai kyau yakan zo da hular tagulla a kan namiji. Dashen ya shiga a matse, ɗan sararin iska tsakaninsa da ƙarfe ya kashe amfaninsa. Kuma ƙurar beriliyam guba ce ga huhu: ba a goga ta a bushe, ba a hure ta da kwamfiresa. Jar tagulla zalla tana da laushi, a ɓoye cikin ƙarfe ake sa ta, ba a fuskar da roba ke duka ba.

P20 yana hudawa da dirila mai kyau. Ƙarfen da aka gasa ya taurare, irin H13, ba aikin mai lez na unguwa ba ne. Dogon rami kuma dirila tana bauɗewa a cikinsa ba ka gani. Gajeren rami da matosai masu lez na gari za su yi, amma duk abin da ya kusanci fuskar mol gara a ɗauke shi zuwa Kano, wajen masu gyaran mol da ke yi wa masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa aiki. Bayan kowane aiki cika layin da ruwa, toshe fita, kai shi bar 6, ka zuba wa geji ido minti goma sha biyar. Da ruwa ake wannan gwaji, ba da iska ba.

Wani lokaci laifin na kaurin kayan ne. Lokacin sanyaya yana tafiya da kauri ninki kansa: bango mai milimita 2.5 in ya koma 2, lokacin zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. In wurin zafinka dunƙulen roba ne a kunnen bokiti, dasa ɗan ƙarfe ya rarake cikin dunƙulen ya fi huda sabon rami sauƙi.

Mataki na 9: Rage lokaci a hankali

Gyara ba ya rage zagaye da kansa, kai za ka rage a allo. Cire daƙiƙa ɗaya, bar bokiti ashirin su fito, auna wuraren nan biyar, ka ajiye uku da lamba a jikinsu. Ci gaba har ka ga alamar lotsawa ko kaya ya fara maƙalewa, sai ka koma baya da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kada ka yanke hukunci ranar: PP yana ci gaba da tsukewa bayan ya fito. Washegari ka jera su cikin juna, ka gwada murfi da mariƙi.

Duba kuma lokacin da sukurun injin, mai narka roba ya tura ta, ke ɗauka yana ɗebo roba. In ya fi lokacin sanyaya tsawo, mol zai jira shi ko da kaya ya huce. Haka zafin narkarwa: in an kai PP digiri 260 alhali 230 ta cika mol lafiya, zafi ne ka saya da dizal kake kuma biyan kuɗin fitar da shi. Zagayen da ya sauko daga daƙiƙa 30 zuwa 26 ya mayar da bokiti 120 a awa zuwa 138.

Mataki na 10: Riƙe abin da ka samu

Manna taswirar tiyo da lambobin gudu a jikin injin cikin leda, don mai aikin dare ya haɗa yadda ka haɗa. Gwajin bokiti duk wata. Layin da ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar ya isa wanki. Duk ranar da za a sauke mol, a hure ruwan cikinsa kaf a toshe nipul, domin ruwan da ya kwana a rami shi ke haifar da tsatsa, buɗaɗɗen nipul kuma zanzaro yana cika shi da laka.

Ranar da maigida zai yi odar sabon mol, daga Huangyan ta ƙasar Sin ko daga Indiya, a nemi zanen hanyoyin ruwa kafin su fara yanka ƙarfe, ka duba shi da ƙa'idojin mataki na takwas. A gaya musu zafin garin da mol zai yi aiki da irin ruwan da za a ba shi. A ce su buga lambar kowane layi a jikin ƙarfe, su rubuto litar da kowanne ya bayar a gwajinsu, su haɗo da zobban roba na canji, su kuma faɗi irin zaren nipul ɗin da suka sa, BSP ne ko NPT, don a san wanda za a nema a kasuwa.